Manomin Wake da Ranar Kasuwa

Jawabin yau ya shafi ƙaramin manomi ne, watau mutumin da ke da eka biyu ko uku, yana shuka gero da dawa domin ci, ya tsarma wake a tsakanin kunyoyi domin ya sami kuɗin kashewa. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, kuma mafi yawansa daga irin waɗannan ƙananan gonaki yake fitowa. Amma fa sau da yawa ba wanda ya sha ranar noma ne ke cin ribarsa ba.

Dalili kuwa a fili yake. Da kaka, wajen watan Oktoba zuwa Disamba, kowa ya roro wakensa a lokaci guda, kowa kuma na da buƙata: ga bashin da aka ci da damina, ga kuɗin makarantar yara, ga bikin aure ya matso. Sai wake ya cika kasuwar ƙauye, farashi ya faɗi. 'Yan kasuwa su saya da araha, su kai manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano, daga can a yi lodi zuwa Bodija a Badun da Mile 12 a Ikko. Idan bazara ta kama, musamman lokacin shuka, wake ya yi wuya, sai a ga manomin nan ya koma kasuwa yana sayen iri da tsada, wani lokaci ma daga hannun wanda ya sayar wa. A da akwai Hukumar Sayen Hatsi wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1977, amma an rushe ta tare da sauran hukumomin ciniki a 1986. Tun daga nan manomi da mai saye ne kaɗai ke yanke farashi a tsakaninsu.

To, me ke hana manomi ajiye wakensa? Ban da matsin buƙata, babban abin tsoro shi ne ƙwaro. Tun wake na gona macen ƙwaron ke saka ƙwai a jikin kwasfarsa. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ƙwayar, ta zauna a ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta zama ƙwaro, shi ma ya hayayyafa. Saboda haka waken da ake gani garau ranar da aka zuba shi a buhu yana ɗauke da ɓarnarsa a ciki. Bayan 'yan watanni sai huda da gari, mai saye kuwa da ya ga huda zai karya farashi.

Wannan tsoro ne ya jefa wasu cikin mugun hali na zuba maganin fiya-fiya a cikin wake. Guba ce, ba a yi ta domin abinci ba, wanki kuma ba tabbacin ya fitar da ita duka. Mai yin haka iyalinsa ya fara cutarwa, domin daga buhun nan ake ɗiba a yi ƙosai da alale. Har wa yau, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Laifin kaɗan ya shafi kowa.

Alhali kuwa ƙwaro numfashi yake yi, in aka hana shi iska zai mutu ba tare da magani ba. A kan wannan hikima aka yi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi, a zuba, a matse iska, sa'an nan a ɗaure kowane riɓi daban. Wanda bai sami buhun ba, tsabtatacciyar jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam suna yin wannan aiki, muddin an cika su har baki kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba.

Ba a ce manomi ya riƙe wakensa duka ba, mai bashi ba ya jira. Shawarar ita ce ya sayar da gwargwadon abin da zai biya buƙatar kaka, ya ɗaure saura.

Ranar da zai kai kasuwa kuma, ya auna kayansa tun daga gida. Mudu ba ɗaya ba ne, na wannan gari ya bambanta da na wancan, kuma awo da tozo ba daidai yake da awo a shafe ba. A Kano a kan ƙirga tiya 40 a buhu mai kilo 100. Ya ware fari daban, ja daban, manyan ƙwaya daban, domin gauraye kuɗin mafi ƙasƙanci ake ba shi. Ya ji farashin kasuwar da ta ci kafin tasa, abin da wayar hannu ta sauƙaƙa, ya kuma daidaita da dillali a kan la'ada kafin a kwance buhu. Maƙwabta biyar ko shida da suka haɗa kaya a ƙungiyar gama kai sun fi mai tiya goma ƙarfin ciniki, kuɗin mota ma ya yi musu sauƙi.

Game da buhun mai riɓi uku, a ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kada kuma a bar mai saye ya soka masa ƙarfen duba kaya. In yana son gani, a kwance masa baki ya duba.