Dajin Rugu: Amanar da Baƙo ke Biya Domin Ya Gani

 

Ya 'yan'uwa mutanen Batsari da Safana, a wannan zamani akwai matafiya masu yawon buɗe ido waɗanda ke yarda su biya kuɗi fiye da na kowa, matuƙar sun tabbata cewa ziyararsu ba za ta ɓata daji ba, kuma mazauna wurin za su amfana. A ƙasar Ruwanda, tun shekarar 2017, baƙo yana biyan dalar Amurka 1,500 domin ya ga goggon biri na sa'a ɗaya kacal, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun daji ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina makarantu da asibitoci.

Ba sai mun tafi da nisa ba. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa ba su kai 50 ba a 1996. Da manoma suka daina ganinsu a matsayin maɓarnatan wake, 'ya'yansu kuma suka zama 'yan jagorar baƙi, sai adadinsu ya haura 600. To amma a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, ƙafar baƙi ta ɗauke. Darasi a nan shi ne, baƙo yana biyan abu biyu ne: dajin da aka kiyaye, da amincin da zai shiga ya fita lafiya.

Mu fa? Allah ya ba mu Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasashenmu har cikin Zamfara. Dattawan Runka da Ruma da Wagini suna ba da labarin barewa da gada da duhun itatuwa. Muka sare kirya da marke muka toya gawayi, muka cinye burtali da makiyaya da gonaki, gaba ta shiga tsakanin manomi da makiyayi, daga ƙarshe dajin ya zama maɓoyar ɓarayi. Ba mu manta da Tsauwa da Dankar ba, inda aka kashe kimanin mutum 30 a Fabrairun 2020.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a gare mu. Malaman fiƙihu suna kiransa hima. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, duka domin maslahar jama'a.

Saboda haka kada mu kiyaye Rugu don kwaɗayin dalar baƙo. Mu kiyaye shi domin ruwan rijiyoyinmu, da abincin dabbobinmu, da haƙƙin jikokinmu. Kuɗin baƙo shaida ce kawai cewa itace a tsaye ya fi buhun gawayi daraja. Wajibi ne ga hukuma ta tabbatar da tsaro, ga hakimai da dagatai su hana sayar da burtali, ga kowane magidanci kuma ya dasa ya raina abin da ya dasa.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalamu alaikum.