Dala Takwas a Mako: Kuɗin Haya da Wariyar Launin Fata a Littafin Native Son



Daga 2016 zuwa 2020, Native Son na Richard Wright yana cikin littattafan adabi da hukumar WAEC ta ɗora wa 'yan sakandare. Abin da malamai da dama suka koyar bai wuce uku ba: Bigger Thomas ya kashe mata biyu, fararen fata sun tsane shi, kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Wannan koyarwa ta tsallake inda Wright ya fi zuba ƙarfinsa, wato kuɗin haya.

Littafin ya fito a 1940, ya kuma buɗe da ɗaki ɗaya tak a kudancin birnin Chicago na Amurka. Mutum huɗu ne ke kwana a ciki: Bigger mai shekara 20, mahaifiyarsa, ƙaninsa Buddy da ƙanwarsa Vera. In matan za su sa kaya, sai mazan su kau da kai. Da sassafe wani ƙaton ɓera ya kutso, Bigger ya jefe shi da kaskon suya. Dala takwas suke biya duk mako. Kamfanin da ke karɓar kuɗin kuwa na Mista Dalton ne, attajirin da ya ɗauki Bigger aikin direba.

A nan ya kamata malami ya tsaya. Dalton mutum ne mai fara'a da kyauta. Ya ba makarantun baƙar fata miliyoyin daloli, ya aika wa ƙungiyar samarin unguwar teburan ƙwallon tebur. Amma a zaman binciken mutuwar 'yarsa Mary, lauya Boris Max ya titsiye shi: me ya sa baƙar fata ke biyan haya fiye da farar fata a irin ɗaki ɗaya? Me ya hana shi ba su haya a wasu unguwanni? Dalton ya fake da ƙarancin gidaje da tsohuwar al'ada. Wright bai ƙaga wannan ba. A Chicago ta lokacin, masu gidaje kan sa hannu a yarjejeniyar cewa ba za su sayar wa baƙar fata gida ba, ba kuma za su ba shi haya ba. Sai a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta bin irin wannan yarjejeniya. An killace mutane a unguwa ɗaya, haya ta yi tsada, wanda ya killace su ya dawo yana ba su sadaka daga ribar.

Daga wannan ɗaki tsoron Bigger ya samo asali. Ranar da Mary Dalton da saurayinta Jan suka zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a mota, suka sa ya ci abinci tare da su a unguwar baƙar fata, kunya da fushi ne suka cika shi. Daren nan ya tallabi Mary a buge zuwa ɗakinta. Mahaifiyarta makauniya ta shigo, shi kuwa ya san abin da ke jiran baƙar fata da aka samu a gefen gadon farar mace, sai ya danne wa Mary fuska da matashi don kada ta yi magana. Ta mutu.

Wadda aka fi mantawa da ita a aji ita ce Bessie, budurwar Bigger, 'yar aikin gida da wahala ta jefa cikin shan giya. Ya kashe ta da bulo. Hukuma ta shigo da gawarta gaban masu bincike don kawai ta ƙarfafa hujja a kan kisan Mary.

Marubuci James Baldwin ya soki littafin a 1949, yana ganin Wright ya mai da Bigger hujjar siyasa, ya rage masa cikar mutuntaka. Wasu kuma na cewa an nema wa mai kisa uzuri. Wanda ya karanta yadda Bessie ta mutu ya san Wright bai wanke kowa ba.

Saboda haka malamai su daina koyar da wannan littafi daga taƙaitattun bayanan jarrabawa. A sa ɗalibi ya karanta babin ɗakin haya da tambayoyin Max ga Dalton a jere, a rana ɗaya. Sassan harsunan Najeriya a jami'o'i kuma su ɗauki nauyin fassara shi zuwa Hausa, domin mai biyan haya a Kano ko Zinder ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya fahimci mahaifiyar Bigger.