Jawabi a Taron Iyaye: Abin da Na Gani a Wajen Masu Busa da Fiyano



Shugaba ya ce in yi magana a kan karatun yaranmu. To ni ɗan goro ne a nan Agege, karatuna na Islamiyya ne, don haka abin da ya faru a gidana kawai zan faɗa.

Da yawanku kun ji ɗana na uku yana neman barin karatun akanta ya koma koyon tsara kiɗa. Wata uku ban sakar masa fuska ba. A kasuwa har aka ce mini, "Alhaji, ka biya kuɗin makaranta ka sayo maroƙi." Ran nan ya roƙe ni in bi shi wani ɗakin taro a cikin Ikko. Na je ne don in sami hujjar hana shi.

Mutum biyar na tarar a zaune, kowa da takarda a gabansa. Ba rawa, ba liƙi, ba kirari. Ɗaya yana kan fiyano, huɗu masu busa ne: obo, kilarinet, basun da ƙahon tagulla. Kiɗan na wani Bature ne, Mozat, wanda ya tsara shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1784, yana da shekara 28. Har ya rubuta wa mahaifinsa cewa bai taɓa tsara wanda ya kai wannan ba. Na ce a raina, ashe shi ma yardar uba yake nema.

Obon nan 'yar'uwar algaitarmu ce, bakinta iri ɗaya, tsinke biyu a haɗe. Sai dai mai algaita yana cika kumatu, yana shaƙar iska ta hanci, busa ba ta yankewa. Su kuwa galibi sai sun tsaya sun numfasa. Fiyano kuma da an buga, amonsa ya fara mutuwa ke nan. To a nan aikin mai tsarawa yake: ya ba obo gajeriyar magana, kafin numfashinsa ya ƙare kilarinet ya karɓa, basun ya tallafa daga ƙasa, mai fiyano ya cike giɓi amma kada ya danne su, don shi kaɗai yana iya buga sauti goma a lokaci guda, alhali kowane mai busa ɗaya yake fitarwa. Wallahi sai na tuna yadda ake raba magana a zaman sulhu.

Da muka koma gida ya nuna mini takardunsa. Wai irin kilarinet ɗin da aka fi busawa, abin da aka rubuta masa yana fita ne mataki ɗaya ƙasa, sai mai tsarawa ya ɗaga masa rubutun. Kamar canjin naira da sefa, in ka yi kuskure duka lissafin ya rushe. Kiɗan minti uku ya ci masa mako shida.

Hukuncin kiɗa ba nawa ba ne, ga malamai nan zaune, kuma zan kai musu shi su ji ta bakinsa. Ni sharaɗi biyu na gindaya masa: salla a kan lokaci, sa'an nan ya fara karɓo takardar akantarsa. Saura shekara ɗaya.