Kaka da Tumbin Ɗan Birni

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan ci da motsa jiki a lokacin kaka. Na san wani zai ce a ransa, mutane na fama da tsadar hatsi, wa ke da sukunin ƙirga loma? Gaskiyarsa. Amma wannan zauren cike yake da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da direbobi, kuma duk wanda ke zuwa taron nan shekara da shekaru ya san yawan sanarwar da ake yi ta wane ya sami shanyewar ɓarin jiki, wance ciwon sukari ya taɓa mata ido, wane ana wankin ƙoda. Yawancinsu mutane ne da ke tsakiyar ƙarfinsu, masu ɗauke da gidaje biyu, na birni da na gida. Idan irin wannan mutum ya kwanta, kuɗin makarantar yara goma ne ya kwanta.

Bari mu fara da yadda iyayenmu suke cin kaka. Manomi yana shiga damina rumbu ya yi ƙasa. Ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noman firi, ya yi maimai, duk a sunkuye da fartanya tun hantsi bai yi ba har rana ta take tsaka, kuma a daidai lokacin marka ne abinci ya fi ƙaranci a gida. Kafin gero ya nuna, wuyansa ya zurma, tazugen wandonsa ya ƙara tsawo. Masu binciken lafiya na Ingila da suka daɗe suna auna mutanen ƙauyen Keneba a ƙasar Gambiya sun tabbatar da abin da kowace tsohuwa a garinmu ta sani: nauyin manoma yana sauka da damina, ya dawo bayan girbi. Saboda haka cin kaka biyan bashi ne. Jiki ya ranta wa gona, gona ta mayar masa. Kuma ko a kakar ma ba zama ake yi ba. Akwai yankan gero da ɗaurin dami da dakonsa zuwa gida, akwai cirar gyaɗa da roron wake, mata na sussuka da shiƙa da surfe da daka, samari kuma da dare ga dambe ga kokawa a dandali.

To, mu 'yan birni sai muka riƙe rabin al'adar muka saki rabi. Kaka na kamawa buhuna za su fara isowa daga tasha: sabon gero, masara, gyaɗa, wake, ridi, dankali, har da kwalbar man shanu daga wurin gwaggo. Ba mu rame da damina ba, amma muna zaune a sahun gaba wajen biyan bashin da ba mu ci ba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu an kawo mana zomon a dafe.

A nan ne ya kamata mu san abin da ake kira kalori. Ma'auni ne na kuzarin da ke cikin abinci, kamar yadda lita take ma'aunin man mota. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na sinadarin gina jiki irin na nama da wake shi ma 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. A ƙiyasi, mace baliga tana bukatar wajen kalori 2,000 a yini, namiji wajen 2,500, alhali mai aikin ƙarfi irin na noma yana iya haura 3,000. Abin da ya shiga ciki bai ƙone ba, jiki ba ya zubar da shi. Ajiye shi yake yi a matsayin kitse, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da rarar kalori wajen 7,700.

Ku yi haƙuri in ɗan tsaya a kan gyaɗa, domin ita ce sarauniyar kaka, kuma ita ta fi iya yaudara. Gwangwanin madara ɗaya na ɓararriyar gyaɗa yana da nauyin wajen giram 100, cikinsa akwai kalori kusan 570, domin kusan rabin gyaɗa mai ne. Wato abin da mutum ke watsawa baki yana hira a bakin shago ya fi kashi ɗaya cikin biyar na abincin yininsa, kuma idan an tambaye shi zai rantse bai ci komai ba tun safe. Mai nauyin kilo 70 sai ya yi tafiyar sauri ta kimanin awa biyu kafin ya ƙone wannan gwangwanin. Ridi ma haka yake, balle an haɗa shi da sukari an yi kantu. Ban ce a bar gyaɗa ba, abinci ce mai kyau, manta ma ya fi kitsen nama alheri ga zuciya. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa, kuma dafaffiya mai ɓawo ta fi, domin ɓarewar kanta tana rage gaggawar hannu.

Hatsinmu kuwa, gero da dawa da masara, giram 100 na garinsu yana da kalori wajen 360. Tuwo bai yi laifin komai ba. Da shi aka gina kakanninmu. Abin lura shi ne yawan malmala da abin da aka kwarara a kai. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne ko kusa da haka, man shanu ma bai yi nisa da wannan ba. Uwargida da ke son nuna wa maigida ƙauna takan zuba uku. Haka fura: gero da nono abinci ne da ba shi da na biyu, sai dai cokalin shayi ɗaya na sukari kalori 16 ne, kuma ban san gidan da ake tsayawa a ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato wajen cokalin shayi shida. Kwalbar lemo mai santilita 35 ita kaɗai tana ɗauke da kusan cokali tara.

Sai ga bukukuwa. Tun fil azal kaka ce lokacin aure, domin a lokacin ne aljihun manomi yake da nauyi, kuma har yau daga Oktoba zuwa Disamba ba a rasa katin gayyata. Asabar ɗaya mutum ya halarci ɗaurin aure uku, kowanne da waina da soyayyen nama da lemo, a dawo gida da alkaki da nakiya da dubulan. A ce rarar kalori 200 kacal mutum ke samu a yini, wato lemo ɗaya da 'yar gyaɗa. A kwana 90 ya tara 18,000, kimanin kilo biyu ke nan.

Wani zai ce kilo biyu me ne ne, ai da bazara zai zube. A shekarar 2000 wasu masana a Amurka sun wallafa sakamakon auna mutum 195 da suka bi tun daga kakarsu har bayan bukukuwan ƙarshen shekara. Abin da mutanen suka ƙara bai kai rabin kilo ba a matsakaici, amma da aka sake auna su daga baya sai aka tarar bai sauka ba. Haka tumbi yake ginuwa, kamar ginin ƙasa, sahu a kan sahu, kaka bayan kaka. Shekara goma da samun aiki sai ka ga mutum ya zo gida ana cewa kuɗi sun zauna. Lokaci ya yi da za mu rage wannan kirarin. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ya fi haɗari wajen jawo ciwon sukari da hawan jini. Iyayenmu mata kuma, don Allah a ja kunnen 'yan mata masu shirin aure game da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe. Wasu daga cikinsu kumbura jiki suke yi, su ɗaga sukarin jini, su raunana ƙashi.

Akwai awo mai sauƙi da ba ya bukatar asibiti. A sami zare, a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka shi biyu, a zagaya shi a ciki daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakin zaren bai haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsawo, kuma akwai aiki a gaba.

Game da motsi, labarin da na fi so shi ne na motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobinsu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, sai dai direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu kisa. Yawancinmu a nan direbobi ne ko da ba mu da mota: daga gado zuwa a-daidaita-sahu, zuwa kujerar ofis ko bencin shago, zuwa tabarmar majalisa, zuwa gado. Ko cefane a bakin layi sai an aiki yaro.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema a ƙa'idojinta na 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Minti 30 ke nan a kwana biyar, tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma mutum yana iya magana. Amfaninta ya wuce abin da ake zato. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su a tsarin tafiyar minti 150 a mako da rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ake magana.

Kuma babu lokacin da ya fi wannan dacewa. Ruwa ya ɗauke, taɓo ya bushe, zafin bazara yana da nisa. Wanda ya saba da tafiya tun Oktoba zai iya jure sanyin Disamba. Wanda ya jira hunturu ya kankama, bargo zai kayar da shi. Idan hazo ya yi kauri, masu asma da ciwon ƙirji su jira rana ta ɗaga, su rufe hanci, ko su yi motsinsu a cikin gida. A sauka daga abin hawa tun da sauran tafiyar minti goma. A hau bene da ƙafa. Matan da fita ke yi wa wuya, tsakar gida ta isa a zagaya, kuma turmin da aka jingine a bayan ɗaki tun da aka sayi injin markaɗe bai mutu ba. Maigida ya sani cewa lafiyar uwargida tana cikin haƙƙin da ke kansa. Ya raka ta tafiya da yamma, ba abin kunya ba ne.

A akushi kuma, kakar da ta kawo gyaɗa ita ta kawo kabewa da kuɓewa da yakuwa da rama da wake. A bar ganye da miya su ci rabin kwano, tuwo ya koma malmala ɗaya, a sa wake ya yawaita domin yana riƙe ciki. Kada a surfe hatsi har ya yi fari fat, dusar nan tana rage saurin hawan sukari. A wurin biki a zaɓi ɗaya, ko lemo ko kayan gara. Amma masu shan maganin sukari kada su tsallake abinci da sunan rage ƙiba, sukarinsu yana iya faɗuwa, kuma duk mai jin ciwon ƙirji ko haki in ya yi 'yar tafiya, ya ga likita kafin ya fara.

Ina da roƙo ɗaya ga shugabanni. Kowane reshe ya sayi sikelin awon nauyi da tef irin na tela da na'urar awon jini, kuɗinsu bai kai na lemon taro biyu ba. A riƙa awo kafin a buɗe taron wata-wata, a rubuta wa kowa nasa a kati ya riƙe a aljihu, ban da shela. Ma'aikatan jinya 'yan garinmu suna nan a kusan kowane reshe, su za su kula da wannan. Awon farko a yi shi a watan nan, na biyu a ƙarshen Janairu, domin a ga abin da kakar bana ta bari.