Daga Hatimi zuwa Allon Kwamfuta: Shirin Gasar Lissafi ta Intanet

  

An ce in yi magana kan shirin gasar lissafi da ake yi ta intanet. Ku yi mini haƙuri, zan fara da abin da ya girmi intanet nesa ba kusa ba, wato hatimi. Duk wanda ya tashi kusa da zauren malamai ya taɓa ganinsa: gida tara, uku a tsaye, uku a kwance. A zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. Da yawanku kun haddace shi: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Kowane layi 15. A jarrabawar aji, wanda ya kawo wannan ya ci. Mai shirya gasa kuwa sai ya gyara zama ya ce, to me ya sa dole 5 ce za ta zauna a gidan tsakiya?

Mu yi shi tare. Idan ka tara 1 zuwa 9 za ka sami 45. Layukan kwance uku ne, kuma su suka kwashe lambobin duka, don haka kowane layi 15 ne. Yanzu dubi gidan tsakiya. Layi huɗu ne suke ratsa shi: na tsaye, na kwance, da na karkace guda biyu. Jimlarsu 60. A cikin layukan nan huɗu kowane gida na gefe ya shigo sau ɗaya, na tsakiya shi kaɗai ya shigo sau huɗu, wato ya yi rarar uku. Rarar da ke tsakanin 60 da 45 ita ce 15. A raba ta uku, ga 5 ta fito. Ba mu yi canki-canki ba, ba mu taɓa kalkuleta ba, kuma ko mutum dubu za su zana hatimin nan har gobe, ba mai iya sa wata lamba a wurin. Wannan shi ake kira hujja, kuma ita ake nema a wajen ɗan gasa.

Wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga ƙasar Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, irin uku-uku, biyar-biyar da bakwai-bakwai. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

To, gasa iri-iri ce, kuma kuskuren farko da nake gani shi ne a fara horo ba a san wacce za a shiga ba. Babbar cikinsu ita ce gasar Olimfiyad ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai. Kowace ƙasa ɗalibi shida take turawa in ta cika. Tambaya shida ce kacal, uku yau uku gobe, kowace rana awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42. Ku lura, awa ɗaya da rabi ke nan ga tambaya guda. A Najeriya hanyar zuwa can ta Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take bi, wadda ke Sheda kusa da Abuja. Afirka ma tana da tata, wadda aka fara a Rabat ta Maroko a 1987. A ɗaya gefen akwai irin gasar Kangaru, wadda aka fara a Faransa a 1991, ake yi a watan Maris. Ita zaɓi-ɗaya ce, kuma a ƙasashe da dama manyan ɗalibai suna amsa tambaya 30 cikin minti 75, wato minti biyu da rabi ga kowace. Wasu ƙasashen suna rage maki idan ka zaɓi kuskure, wasu ba sa ragewa. Wanda bai karanta ƙa'ida ba, bai san ko cankar amsa riba ce ko asara ba. Yawancin gasannin intanet da ake buɗe wa 'yan makaranta sun fi kama da irin ta Kangaru.

Duk da haka, ni shawarata ita ce a yi horo irin na Olimfiyad. Saurin da ake buƙata a gasa daga sanin hanya yake fitowa, sanin hanya kuma sai an daɗe ana ɓata a cikin daji. Ɗalibi ya ɗauki tambaya ɗaya mai wuya daga takardun shekarun baya, ya zauna da ita rabin awa, ya bar ta, ya kwana da ita a rai, gobe ya dawo. Kada ya leƙa amsa sai ya gaji tilis. In ya leƙa, ya rufe littafin ya sake ginawa da kansa. Kuma ya keɓe littafi guda na kurakuransa, ya rubuta inda ya kauce da dalilin kaucewar. Mu malamai mu ne matsalar a nan, in faɗi gaskiya. Da mun ga yaro ya yi shiru minti biyu sai tausayi ya kama mu, mu karɓe allin mu warware masa. Shirun nan shi ne karatun, mu bar shi ya yi. Sai gasa ta rage 'yan makonni sannan a kawo agogo, a riƙa yin takarda cikakkiya a kan lokaci.

Allon kwamfuta yana da wata illa: yana sa gaggawa. Yaro yana ganin daƙiƙoƙi suna zuba a kusurwa, ga amsoshi a jere suna kiransa, sai ya yi lissafi da ka ya danna. Ina tuna muku cewa a 2020, lokacin annobar korona, da aka kasa taruwa a San Fitasbag ta Rasha, gasar duniya daga nesa aka yi ta. Kowace ƙasa ta zauna a cibiyarta ana sa ido ta kyamara, amma ɗalibai da biro da takarda suka amsa. Saboda haka ku ajiye farar takarda a gefen kwamfuta in ƙa'ida ta yarda, ku zana hoton da aka ba ku da hannunku, ku karanta tambaya sau biyu. Da Turanci ko Faransanci za ta zo, kuma maki da yawa suna zubewa a kan rashin bambance "aƙalla biyar" da "bai wuce biyar ba".

Sai na'urar kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 muka ga yaran da suka san karatu amma hannunsu yana rawa a kan linzami. Ni kaina na taɓa zama da wata ɗalibata mai hazaƙa, tana tsakiyar gasa aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, kafin a tada janareta lokaci ya tafi. Laifina ne, don ban gwada ba. Ku yi gwaji a ɗakin da za a zauna, da kwamfutar da za a yi amfani da ita, a daidai sa'ar da za a yi gasar, don sabis ɗin safe ba shi ne na yamma ba. A tanadi layin waya na biyu mai data. A rubuta kalmar sirri a takarda. Idan masu gasar a waje suke, a duba agogon da suka ambata: Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. A kuma duba yadda ake shigar da amsa. Ɗan Kano zai rubuta rabi 0.5 da ɗigo, ɗan Maraɗi zai rubuta 0,5 da waƙafi, kwamfuta kuwa ba ta da uzuri, wanda aka saita mata shi kaɗai ta sani.

Akwai maganar da ba ta da daɗi, amma sai an yi ta. A 2025 manhajojin ƙirƙirarriyar basira na Google DeepMind da OpenAI sun warware biyar daga tambayoyi shida na gasar duniya, maki 35, matakin lambar zinare. Ke nan wayar da ke aljihun yaro tana iya amsa masa da yawa daga tambayoyin ƙaramar gasa. Malamin da ya kau da kai, ko uban da ya tsaya a bayan kujera yana raɗa, sun saya wa yaron takardar yabo da zagayen gaba zai yaga, domin manyan gasanni a zagayen ƙarshe gaban masu sa ido ake zama.

Iyaye, roƙona ɗaya ne: 'yan mata su ma a ba su lokacin zama da tambaya, a ɗan sassauta musu aikin gida a makonnin shiri. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta ci zinare a gasar duniya a 1994, ta sake ci a 1995 da maki 42 cif, sannan a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, wadda masana lissafi suke ɗauka da girman gaske.

'Ya'yana ɗalibai, ga aikin gida. Hatimi mai gida goma sha shida, huɗu a tsaye huɗu a kwance, lambobi daga 1 zuwa 16. Kafin ku zuba ko lamba ɗaya, ku faɗa mini nawa kowane layi zai bayar, da dalili. Wanda ya samo kafin a tashi, ya same ni a bakin ƙofa da takardarsa.