Tabon Hanta: Nasu da Namu



A garuruwanmu, in idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, sai a ce shawara ce, a jiƙa masa saiwar rawaya. Amma shawara alama ce kurum. Hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci wanda ke bin 'yan siraran magudanai zuwa matsarmama da hanji, inda yake taimakawa wajen narkar da maiƙo. In magudanan nan suka toshe, sai ruwan ya koma cikin jini, ido ya rine, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi.

Akwai wata cuta da likitoci ke taƙaita sunanta da PSC, wadda ke kumbura magudanan nan shekara da shekaru. Kumburin yakan bar tabo, tabon ya tsuke hanya, har hantar ta gaza. An fi samunta a arewacin Turai da Amurka, galibi ga maza 'yan shekara 30 zuwa 40, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na masu ita suna fama da kumburin hanji. Masana suna zargin garkuwar jiki da gado da ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji, amma ba su kama ainihin sanadin ba. A 1 gwaji da aka buga a 2009 a Amurka, an ƙara yawan wani magani da ake sa rai da shi, sai waɗanda suka sha suka fi tagayyara, dole aka tsai da gwajin. In cutar ta yi nisa, sai dashen hanta.

To, ina ruwanmu da ciwon Turawa? Ruwanmu shi ne mu ma muna da namu mai tabon. Madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo noman rani da kamun kifi, alheri mai yawa. Sai dai ruwan kwance gidan katantanwa ne, ita kuwa ke rainon tsutsar tsargiya. Mun san tsargiyar fitsarin jini, amma akwai ta hanji, wadda ƙwayayenta ke maƙalewa a hanyoyin jinin hanta su bar tabo. Likita Symmers ya bayyana wannan a Masar tun 1904. Ƙarshenta saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, mutum ya yi aman jini, sau da yawa ba tare da ido ya rine ba. Wanda ya tsaya jiran shawara, ya makara.

Ga bambancin da nake so ku riƙe. Nasu ba a san sanadinsa ba, ba a sami maganinsa ba. Namu an san tsutsar, an san katantanwar, akwai kuma ƙwayar furazikwantel mai araha da ake rabawa a makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tsutsa tana jin magani, tsohon tabo ba ya ji.

Saboda haka, ya ku 'yan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, in kun koma hutu, ku roƙi iyaye su bar yara su sha maganin ranar rabo. Masunta da manoman rani su je asibiti a auna fitsari da bayan gida. Mai shawara kuma a gwada jininsa kafin a jiƙa masa komai. Masu karatun likita a cikinmu, ga fagen bincike a ƙofar gidanku.