Farantin Talla a Cikin Waya: Wace Manhaja Za Ki Zaɓa?

 

Kwanan baya na kai ziyara wani gida a Gidan Igwai, na tarar da wata baiwar Allah mai haɗa turaren wuta da humra, ranta a ɓace. Ta kwashi adashinta gaba ɗaya ta ba wani yaro ya buɗe mata shafin intanet. Shafi kam ya yi kyau. To amma da kayan haɗi suka yi tsada a kasuwa, sai ta rasa yadda za ta canja farashin da ke rubuce, don lambar sirri na hannun yaron, shi kuwa ya tafi bautar ƙasa. Masu saye na kira da tsohon farashi, ita tana ta ba da haƙuri.

'Yar uwa, ki ɗauki shafin intanet kamar farantin tallan da akan ɗora wa yarinya a ka. Sai dai shi wannan ba ya shan rana, ba ya hana ɗiyarki zuwa makaranta. Manhaja kuwa ita ce abin da kike jera kaya da shi a kan farantin. Saboda haka wadda ta dace da ke ita ce wadda za ki iya sarrafawa da hannunki, kina zaune cikin ɗakinki.

Bari mu fara da mafi sauƙi. WhatsApp Business ta fito a shekarar 2018, kuma kyauta ake sauke ta. A 2019 aka ƙara mata wurin jera kaya, inda za ki sa hoto da suna da farashi, har kaya 500. Mai humra ko dambun nama ko ɗinkin hula, wannan ya ishe ta farawa. Shafin sana'a na Facebook shi ma ba a biyan ko kwabo, sai dai kuɗin data.

In sana'a ta bunƙasa har ana oda daga Kano ko Abuja, to sai a yi maganar cikakken shafi. Akwai WordPress, wadda ta fito tun 2003. Ita manhajar kyauta ce, amma idan kina son shafin ya ɗauki sunan sana'arki ke kaɗai, za ki riƙa biyan kuɗin sunan da na wurin ajiya, kamar dai hayar shago. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, kuma sabunta su ake yi. In aka daɗe ba a biya ba, shafi ya rufe, sunan ma wani na iya ɗauka.

Kada kuma daɗin kyauta ya ruɗe ki, zanen aro ba ya rufe katara. A watan Maris na 2024 kamfanin Google ya rufe shafukan kyauta da masu ƙananan sana'o'i suka buɗe ta tsarinsa na Business Profile. Don haka ki adana hotunan kayanki a wani wuri daban, lambobin masu saye kuma ki rubuta su a littafi.

Kafin ki miƙa wa kowa kuɗinki, ki yi masa tambaya 3. Zan iya canja farashi da hoto da kaina a wayata? Nawa zan riƙa biya duk shekara, ban da na yau? Lambar sirri a hannun wa za ta zauna? Wanda duk ya yi miki kwana-kwana a ta ukun nan, ki riƙe kuɗinki.

Sannan ki shawarci maigida tun da farko. Hoton kaya za ki sa, ba naki ko na 'ya'yanki ba, kuma kada ki rubuta kwatancen gida. Wanda ya saya, a aiki ƙane ko ɗa ya kai masa.

Ita baiwar Allahn nan, ɗiyarta 'yar sakandare ta zauna da ita yini guda, suka jera kwalabenta a waya. Yanzu da kanta take gyara farashi bayan la'asar.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ku huta lafiya.